Tagar Malam Tanimu

Ku matso ku ji, amma kada kowa ya yanke hukunci sai na kai ƙarshe.

Malam Tanimu zabiya ne, ya shekara talatin yana koyarwa a wata makaranta. Da girma ya zo, idanunsa suka daina jure hasken rana. In an rufe tagogin aji yara ba sa ganin allo, in an buɗe hawaye ya hana shi karatu. Har ya rubuta takardar ajiye aiki.

Tsofaffin ɗalibansa uku, waɗanda suka zama masana sinadarai, suka roƙe shi ya dakata. Suka ce za su yi masa wata leda ta mannawa a gilashin taga, mai ɗauke da ƙananan ɗigon wani ruwa a cikin roba. In babu lantarki, fara ce kamar nono, ta tausasa haske. In an ba ta lantarki, sai ta washe.

Ta farko da suka yi ta ƙi washewa. Ɗaya daga cikinsu, Ladidi, ce ta gano cewa robar da ruwan ba sa karya haske iri ɗaya. Ta yi wata huɗu tana sauya haɗin robar, har ta dace da wadda ta yi daidai da ruwan.

Sai kuma aka ga in an kashe lantarkin, rana na ratsowa da ƙarfinta. Barau ya duba, ya ce ɗigon sun yi girma, domin robar na jinkirin daskarewa. Ya ƙara ƙarfin fitilar da ke daskarar da ita, ɗigon suka ƙanƙance, hasken ya yi laushi.

Aka manna ta a tagogin ajin, amma zafin bazara ya sa ta yi rawaya cikin mako uku. Asabe, wadda ba ta cika magana ba, ta ƙara wani sinadari da ya ɗaure robar tam. Ta gwada a kan rufin gidanta har damina ta faɗi, ba ta sauya ba.

Malam ya koma aji. Da ƙungiyar masana ta zo da lambar yabo saboda ledar, sai aka ce suna ɗaya tak za a rubuta, kuma shi zai zaɓa. Malam ya ce, "'Ya'yana, da idon nan nake ganinku duka, amma na kasa zaɓen ɗaya."

To, ku da kuka ji, sunan wa ya kamata a rubuta?