Kukan da Ya Bar Motarsa Ya Shiga Tamu

An yi wani mutum a unguwarmu ta Detroit, bakanike ne mai hannu. Ba zan ambaci sunansa ba, domin 'ya'yansa suna raye.

Kowace shekara, idan zafi ya shigo, tsofaffin majami'armu sukan tafi Alabama su share kaburburan iyayensu, su ci abinci da sauran dangi. Tsohuwar bas ɗinmu ce take kai su. Wannan mutum aka damƙa wa ita domin ya shirya ta. Ya juye baƙin mai, ya duba birki, ya sauya fambel, ya cika lagireto. Har nan babu laifi.

To, shi ma yana da akori-kura, ƙirar kamfani ɗaya da bas ɗin. Boris ɗin tayarta ta gaba, wato ƙarfen da taya take juyawa a kansa, ya mutu, tana tafe tana gurnani. Da ya kwance tayar bas, ya ga nata lafiyayye ne, sai ya rufe ƙofar gareji. Ya cire mai kyau ya sa wa tasa. Mataccen kuwa ya dumbuza masa giris, ya ɗaura wa motar tsofaffi.

Ya 'yan uwa, me yake tsammani zai faru? Ya fi kowa sanin cewa idan irin wannan boris ya yi zafi a babbar hanya, taya takan fice ana cikin gudu. Ya sani sarai, ya wanke hannunsa, ya tafi gida ya ci abinci.

Ranar tafiya aka loda soyayyun kaji, aka yi addu'a, Lucius direba ya ja mota. Ba su yi nisa ba giris ya narke, gurnani ya taso. Mama Ernestine, babbarsu duka, maƙwabciyar bakaniken, ta buga sandarta a ƙasa.

"Lucius, tsaya."

"Haba Mama, ko gari ba mu fita ba har kin fara neman banɗaki?"

"Rufe mini baki, ni na yi maka wanka kana jinjiri. Ka ji kukan nan?"

"Tsufa ne, Mama. Ke ma gwiwarki tana yi."

"Na san kukan gwiwata. Wannan na motar maƙwabcina ne, shi yake tashe ni kullum. Yau ya wuce ƙofata shiru, ga kukan kuma a ƙarƙashin kujerata. Juya!"

Lucius ya juya. Suka tarar da bakaniken a harabar majami'a yana shan kofi, ana yi masa godiya. Lucius ya ɗaga bas da jak, ya kama tayar ya girgiza, tana rawa a hannunsa. Aka ɗaga motar bakaniken, tayarta daram take. Babu wanda ya zage shi. Mama Ernestine ta ce kawai, "Ɗana, mayar mana da abinmu." A gaban mata da yara ya kwanta a ƙasa, ya mayar.

Daga ranar babu wanda ya sake kai masa ko keke. Matarsa, wadda gwaggonta take cikin bas ɗin, ta kwashe kayanta. Garejin ya mutu, ciyawa ta rufe ƙofarsa, ya bar garin babu mai rakiya.

Tsofaffi kuwa sun shiga Alabama suna waƙa. Suka share kaburbura, suka ci, suka sha, suka dawo cif, babu wanda ko ƙwarzane ya samu.

Ya 'yan uwa, wanda ya ba ku makullin motarsa ransa ya ba ku. Kuna iya rufe ƙofar gareji, kuna iya toshe kuka da giris, amma wa zai toshe kunnen Mahalicci? Shi ya tsare bayinsa da kunnen tsohuwa, ya kunyata maci amana da rana tsaka.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.