Ba Ni da Ɗa a Gidan Nan

An yi wani mutum a nan Madina, cikin mutanenmu waɗanda kakanninsu suka taho da ƙafa tun zamanin da, har jikoki suka zama 'yan ƙasa. Ba zan faɗi sunansa ba. Mahaifiyarsa ma, Hajiya Hajo, ba ta taɓa faɗa ba, don ɗan farinta ne. In za ta kira shi sai ta ce, "Kai, wannan." Shekara arba'in yana amsa wannan kira.

Yana aiki a filin jirgi, wajen sauke kayan alhazai, albashinsa ba laifi. Da aurensa ya mutu sai ya ga zaman haya shi kaɗai asara ce, ya kwaso kayansa ya dawo gidan tsohuwa a Aziziyya. Ta yi murna ƙwarai. Ranar da kanta ta tuƙa masa tuwo, duk da ciwon gwiwar da ke damunta.

To, tun rasuwar mijinta Hajiya Hajo take karɓar daman, wato tallafin da hukuma ke ba marasa ƙarfi. Kun san yadda abin yake: ana duba su wa ke cikin gida, da abin da suke samu. In ɗa mai albashi ya dawo sai a sanar, a rage tallafin ko a tsayar, tunda Allah ya kawo mai ɗaukar nauyi. Ina abin wahala a nan, ya 'yan uwa? Ashe dama ba nauyinsa ba ne?

Amma gogan naku ya ga ba zai iya ba. Ya bar adireshinsa a gidan wani abokinsa, ya yi shiru. Da saƙo ya shigo cewa ma'aikaciya za ta zo duba gida, sai ya zaunar da tsohuwa.

Ya ce, "Yumma," wato Inna da Larabcin garin nan, "in ta tambaye ki, ki ce ke kaɗai ce. Ki ce, ba ni da ɗa a gidan nan."

Ta dube shi, ta ce, "Kai, wannan, ka ji tsoron Allah. Bakin uwa kake so ya faɗi haka? A garin Manzo za ka sa ni ƙarya da furfurata?"

Ya ce, "Ya isa, yumma, magana ce kawai."

Ya san ta fara mantuwa, takan ajiye carbi ta yi ta nema alhali yana wuyanta. Don haka ya mai da abin kamar hadda. Kullum bayan La'asar sai ya tsuguna gabanta ya ce, "Wa ke gidan nan?" In ta yi kuskure ta nuna shi, ya daka mata tsawa, a sake. Mako biyu cur ana haka. Matar da ta koya masa Fatiha, ita ya zauna yana koya wa musun haihuwarsa.

Ranar da ma'aikaciyar ta zo, ya tura takalmansa cikin injin wanki, ya haye matakalar saman bene ya laɓe cikin zafin rana. Daga nan yana jin komai. Matar ta yi tambaya cikin ladabi, tsohuwa ta ba da amsa yadda aka koya mata. Aka ce mata, "Kin tabbata, Hajiya?" Ta ce, "Wallahi." Shi kuwa yana can sama yana murmushi.

Kuna jira in ce an kama shi? Ba a kama shi ba. Tallafi ya ci gaba da shigowa, ko riyal ɗaya ba a rage ba.

Mantuwar tsohuwa ce ta yi ta ƙaruwa. Ta manta sunan unguwa, ta manta ko ta ci abinci. Wata rana ya dawo daga aiki ya yi sallama, sai ya ga ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?"

Ya ce, "Yumma, ni ne, ɗanki."

Ta ce, "Ba ni da ɗa a gidan nan. Wallahi."

Komai ya goge a kanta sai haddar da ya ba ta. Ya miƙa mata ruwa, ta ƙi karɓa daga hannun baƙon namiji. In ya shigo ɗaki ta hau kiran maƙwabta. Dole ƙanwarsa Raliya ta zo ta ɗauke ta zuwa gidanta a Halidiyya. Tana gane Raliya, tana gane jikoki, har mai kawo gas tana gaishe shi.

Ya je ya sanar da hukuma gaskiya, ya ɗauki hukuncin da ya biyo baya, yana zaton hakan zai buɗe bakinta. Ya yi azumi, ya yi sadaka. Wata takwas yana zuwa ya durƙusa bakin ƙofa yana kuka, yana cewa, "Yumma, ki yafe mini." Ba ya neman komai a duniya sai ta ɗaga kai ta ce, "Kai, wannan." Ita kuwa sai ta juya ta tambayi Raliya ko wane ne wannan mutumin. A haka Allah ya karɓi ranta.

Ya 'yan uwa, ƙofar tuba ba ta rufe masa ba, Allah Mai gafara ne. Amma gafarar uwa, a bakin wa zai ji ta yanzu? Wanda ya dawo gidan iyayensa ya dawo da kafaɗar ɗaukar nauyinsu, ya je ya faɗi gaskiya, ko da za a rage tallafin. Abin da aka ware wa mai rauni ba na mai albashi ba ne. Kuma kada ɗayanku ya ari harshen mahaifiyarsa ya yi ƙarya da shi.

Har yau yana nan, nakan gan shi a sahun baya a masallaci. Allah ya kiyaye mu da jefa iyayenmu cikin saɓo, ya sa mu rabu da su suna sa mana albarka. Amin.