Gwauruwa da Fitila Mai Ƙiftawa

Akwai wata gwauruwa, mijinta shugaban mawaƙan ikilisiya ne. Da ya rasu, bai bar mata gona ko shanu ba, sai kwamfuta irin ta tafi-da-gidanka, inda ya ɗauki muryarsa yana rera waƙoƙin da ya tsara, har da wadda ya yi mata ranar aurensu.

Saboda ƙauna, ta yi wa kwamfutar abin da mata kan yi wa zane mai daraja. Ta naɗe ta, ta sa a ƙasan akwati tare da kafur, ta kulle. Shekara uku ba ta taɓa ta ba.

Wata safiya tana shara, ta so ta tuna muryar mijin, sai ta ji ta ɓace mata. Ta yar da tsintsiya, ta ciro kwamfutar, ta jona ta da wuta, ta danna. Fuskar kwamfutar ta tsaya baƙa ƙirin. Sai wata 'yar fitila a gefe ta shiga ƙiftawa, kamar ta na'urar da ke gefen gadon mijinta a asibiti kafin ya rasu. Ta samo filasta ta liƙe fitilar, ta rungumi kwamfutar zuwa wurin mai gyara a kasuwa.

Ta ce, "Malam, ta mutu, ko?"

Mai gyara ya ce, "Mama, wa ya ji mata ciwo har aka sa mata filasta?"

"Ni ce. Ba na iya kallon wutar nan."

"Kin toshe mata baki, kuma kina so ta gaya mini inda ke mata ciwo?"

Ya ɓare filastar, ya danna, yana ƙirgawa a hankali. Fitilar ta ƙifta ja uku, fari ɗaya, sai ta tsaya, ta sake. Gwauruwar ta kau da kai. Ya duba abin da maƙeran kwamfutar suka rubuta game da wannan ƙirge, ya ce, "Akwai ɗan batir a cikinta, bai fi kwabo girma ba. Zaman akwati ne ya kashe shi."

"Waƙoƙin fa?"

"Ban sani ba tukuna. Amma wadda ke ƙiftawa ba ta ba ni tsoro. Wadda nake tsoro ita ce wadda ta yi shiru ɗungum."

Ya ba ta kujera, ta kasa zama. Ya kwance kwamfutar, ya sa sabon batir, ya danna. Fuskar ta daɗe a baƙi, sa'an nan ta yi haske. Da muryar mijinta ta tashi a tsakiyar hayaniyar kasuwa, sai ta zauna a ƙasa.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Kwamfutar zuciyarka ce, akwatin kuwa shi ne ajiye bangaskiya ba a aiki da ita. Fitilar ita ce tsautawar Ruhu Mai Tsarki, wadda Mahalicci ya sa a cikinka domin a san inda ka lalace. Da yawa cikinmu mun liƙe ta, gama ba ma son kallo. In zuciyarka tana damunka a kan wani zunubi, kai ta wurin Ubangiji yau, kada ka rufe kome. Ka ji tsoron ranar da za ka yi zunubi, ka duba cikinka, ka tarar babu abin da ke ƙiftawa.