Kunnen Jar Akuyar Inna Tabawa

To, ku gyara zama. Kai mai latsa waya, kife ta, don labarin nan sai an gama shi kuke da aiki. Kuma ba na dariya ba ne, wanda ya zo dariya ya tashi tun yanzu.

A wani ƙauye na bakin fadama an yi wata tsohuwa, Inna Tabawa, mai 'ya'ya uku. Babban, Haladu, majemi ne, yana gida tare da ita. Mai bi masa Lauratu da autansu Munkaila boko ya kai su birni, suna aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje na binciken dabbobi. Inna ba ta taɓa gane aikin nasu ba. In an tambaye ta sai ta ce suna can suna leƙen abin da ido ba ya gani, wai kuma shi ne sana'ar.

Wata damina cuta ta shigo ƙauyen, tana kama awaki tana kama mutane. Aka sa mata suna Mai-sannu, don akuya takan kashe cikin mako guda, amma mutum sai ta kusa shekara biyu tana cinsa: ta fara da ƙafafu, ta hau ido, ta ƙare a ƙirji. Awakin garin suka ƙare ƙaf, ban da wata jar akuya ta Inna, wadda cutar ta kayar har sau biyu tana tashi. Ana cikin haka Inna ma ta kwanta.

Ƙanenta, Kawu Nomau, wanda in ya yi magana ba a maimaitawa, ya ce a yanka akuyar a yi sadaka, ko Allah ya tashi kafaɗun 'yar'uwarsa. Wa zai ce a'a? Ni ma da ina wurin da ni za a riƙe ƙafa. Haladu ya wasa wuƙa ya yanka. Ana shirin fiɗa sai ga wayar Munkaila.

"Yaya Haladu, jar akuyar nan ta Inna ku killace ta, jibi ina tafe. Duk yadda aka yi jininta ya san yadda ake yaƙar cutar nan, daga shi za mu haɗa magani."

Haladu ya ce, "Munkaila, ga ta nan kwance. Jinin kuwa ƙasa ta shanye."

Sai Lauratu ta karɓe wayar, ta ce ya yanko kunnen akuyar maza, ya sa a ƙanƙara, ya kawo mata kafin rana ta faɗi.

To ga abin da Haladu ya yi. Kawu Nomau ya ce abin da aka yi wa niyyar sadaka ba a cire ko gashi daga jikinsa. Haladu, wanda tunda aka haife shi bai taɓa musa wa kawun nan ba, ya sunkuya a gabansa ya yanke kunnen. Kawu ya rantse ba zai ƙara taka gidan ba, bai kuma ƙara ba. Haladu ya roƙi ƙanƙara wurin mai sayar da zoɓo, ya hau babur ya bi hanyar da ruwa ya cinye, ya faɗi sau biyu, ya isa birni da kunnen bai lalace ba. A ranar ya juyo. Daga nan har wata ashirin shi ke juya uwarsa, shi ke ba ta kunu a baki, shi ke kwashe abin da ba a faɗa. Ramukan jimarsa suka bushe, matarsa ta gaji ta koma gidansu. Amma fa hannunsa ne ya yanka akuyar, kuma ko kowa ya manta shi bai manta ba.

Ga kuma abin da Lauratu ta yi. Ku saurara da kyau, don ni ma sai da aka yi mini bayani sau uku. Jiki duk da 'yan ƙwayoyin halitta aka gina shi, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da tsarin akuya sukutum, sai dai ta kunne ba ta tuna komai sai zama kunne. Aikin Lauratu shi ne ta sa ta mance da kunnen, ta koma yadda take ranar farko a cikin mahaifa. Sai ta samo ƙwan haihuwa na wata akuya, ta kwashe abin da ke cikinsa, ta sa ƙwayar nan, ta dasa a mahaifar wata akuya dabam. A baki abu ne mai sauƙi. Awaki arba'in da ɗaya ta dasa wa: wasu cikin bai zauna ba, wasu suka yi ɓari, wasu suka haifi gawa. Aikin ba ya son a bar shi ko na yini guda. Inna ta yi ta aike, tana cewa a gaya wa Lauratu ta zo ta gan ta tun idonta na gani. Lauratu ta yi ta cewa wata mai zuwa. Sau ɗaya har ta kai tasha aka kira ta cewa ƙwayoyin sun fara mutuwa, ta juya tana kuka. A akuya ta arba'in da biyu aka haifi 'yar jar akuya, sak waccan, har da farin ɗigon goshi. Lokacin kuwa wata uku ke nan da idon Inna ya rufe.

Sai Munkaila. Ya jira 'yar akuyar ta yi ƙwari, sannan ya riƙa sa mata cutar kaɗan-kaɗan, jininta yana tara sojojin da ke yaƙar ta. Ya ɗebi jinin, ya tace, ya sake tacewa, har abin da ya rage bai fi cika kwalba mai girman babban yatsa ba. Amma ba a taɓa sa shi a jikin ɗan Adam ba. Haladu ya kira yana kuka, ya ce cutar ta kai ƙirji, a kawo ko yaya yake. Munkaila ya ce ba zai sa wa uwarsa abin da bai san halinsa ba. Ya yi wa kansa allurar. Zazzaɓin da ya biyo baya ya tafi da kunnuwansa duka biyu, har yau ba ya jin ko aradu. Daga nan ya gane dafin da ya rage a cikin maganin, ya sake tacewa ya fid da shi. Da wancan na farko aka sa wa Inna da nan take ta cika. Sai dai gwajin nan ya ci kwana goma sha tara, kuma kwana goma sha taran nan cutar ba zama ta yi tana jiransa ba.

Su ukun suka haɗu a ɗakin Inna, aka yi mata allurar. Rana ta uku da hantsi ta farka, numfashinta ya daidaita, ta nemi kunu da bakinta. Maganin ya kori cutar, amma ya tarar ta riga ta gama da zuciya. Inna ta sa suka matso, ta shafa fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta mai da makafin idanunta sama, ba ta fuskanci kowa ba, ta ce:

"Mutum ɗaya a cikinku ya sauke haƙƙina da ke wuyansa, Allah ya yi masa albarka. Ku biyun kuwa, na yafe muku."

Haladu ya ce, "Inna, wane ne?" Ba ta ƙara magana ba. Kafin azahar rai ya yi halinsa. Munkaila ma bai ji abin da ta ce ba, sai da Lauratu ta rubuta masa a takarda.

Maganin ya tashi mutum sittin da wani abu a ƙauyen, ana ta sa musu albarka a kasuwa da masallaci. Amma ba albarkar kasuwa suke nema ba. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, ba faɗa suke yi kowa na cewa shi ne ba. Kowannensu ya sakankance yana cikin biyun da aka yafe wa, kuma tun ranar ba wanda ya iya duban idon ɗan'uwansa.

To, jama'a, ga shi gare ku. Haladu ya yanka akuyar, amma shi ya ceci kunnen, shi ya yi jinya. Lauratu ta dawo da akuyar daga guntun kunne, amma uwarta ta makance tana kiranta. Munkaila ya ba da kunnuwansa, amma shi ya riƙe maganin kwana goma sha tara. Wane ne a cikinsu Inna Tabawa ta sa wa albarka?