Balaraba da Manhajar Alhaji Ilu

Ku ji wata. Alhaji Ilu mai shinkafa ya sa Balaraba, 'yar haya a shagonsa, ta haɗa masa manhajar ciniki ta waya. Kullum kuma sai ya faɗo da sabon "ƙara min kaza".

Ran nan ya tsare ta. "Ke, faɗa min ranar gamawa yanzu. Kika saɓa, ki kwashi kwamfutarki ki bar min shago."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sati guda bayan 'ƙara min' ɗinka na ƙarshe. Yaushe ke nan?"

"Yo ina na sani? Abin zuwa min yake!"

"To Alhaji, kai da abin ke cikinka ba ka sani ba, balle ni?"

Alhaji ya buɗe baki, ya rufe. Har yau tana shagon, in ya zo wucewa ma gaisuwa kawai yake.