Furen Gurjiyar Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Iya, idonmu biyu.

Wata mata ce, sunanta Tabawa. Shekarar da aka kawo ta, mijinta Ɗantani ya dasa gurjiya a bayan gida. Da gurjiyar ta girma, duk rani jan furen da ya fara faɗowa shi yake tsinta ya ajiye mata a kan turmi. Sai Allah ya yi masa rasuwa. 'Yan'uwansa, mutanen kirki masu zumunci, ba a tashi zaman makoki ba suka sare itacen a sassaƙa akushi, kada baƙin ciki ya hana su cin tuwo.

Sai Tabawa ta bi ta tsince furen da ya zube, faifai guda. Iyakar abin da ya rage mata na mijinta ke nan. Ta shanya a inuwar rumfa, don rana tana cinye jan, tana juya shi a hankali kada ya karye.

To, a garin nan ba a shanya abu sai na tukunya ko na magani.

Sai maƙwabciyarta Ladingo ta leƙo, ta tambaya miyar yaushe ce. Tabawa ta ce ajiyewa za ta yi ta riƙa gani. Ladingo ta ce a ranta rowa ce kawai. Tabawa na juya baya, sai ta dumbuza ta ƙulle a bakin zane. Ran nan mijinta ya sha miya mai yauƙi har da siɗe kwano.

Sai Jatau wanzami ya zo gaisuwa, ya tambaya maganin mene ne. Ta ce na kallo ne. Jatau ya gyaɗa kai irin na manyan masana, wai mai asiri ba ya faɗa. Ya roƙi ruwan sha. Kafin ta kawo ya cika zabira, ya je ya daka wa maza masu ciwon baya.

Sai Yalwa mai kitso ta zo. Ita ko tambaya ba ta yi ba, ta riga ta gane turaren mallaka ne, shi ya sa Ɗantani bai taɓa ɗaga murya ba. Ta kwashe saura, ta je ta turara ɗakin mijinta.

Tabawa ta dawo daga rijiya, ta tarar da fure ɗaya tal maƙale a saƙar faifai. Ta zauna ta yi kuka, ji take an sake binne mata miji.

Ba ta share hawaye ba sai ga mutanen gari a ƙofa, wai magani ya yi aiki, kowa na son ko ɓarɓashi. Ta sake faɗa musu gaskiya. Suka ce, "Haba Tabawa, yara kika mai da mu?" Sai ta ga wani hannu ya miƙo wajen faifai. Ta riga shi ɗauka, ta miƙe tsaye.

"Tunda kun matsa, zan faɗa. Maganin kashe miji ne. Ina nawa yake?"

Wannan kam nan take suka yarda, ba wanda ya nemi shaida. Mijin Ladingo ya zura yatsa a maƙogwaro. Mijin Yalwa ya ruga ya fito da tabarmarsa waje. Masu ciwon baya suka bi Jatau a guje, ka ga lallai bayan ya warke.

Daga ranar ba mai cin abincin Tabawa, ba mai gayyatarta suna. In ta wuce sai a nuna ta da baki. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma furenta yana nan cikin 'yar ƙwarya, a lulluɓe da auduga. Duk rani, in gurjiyoyin daji suka yi ja, sai ta ciro shi ta ɗora a kan turmi. Ta shiga ɗaki ta ɗan jima, sannan ta fito ta same shi, kamar Ɗantani ne ya ajiye mata.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. In kun ga shanyar mutum, ku yi sallama ku wuce, ba duk abin da aka busar ne na cikinku ba.