Madubin Kurege da Damben Birai

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku gyara zama, kada in ji bakin kowa.

Wata shekara Dorina ta je wurin Sarkin Dambe ta saye ikon nuna damben birai ita kaɗai. Aka yi shela cewa duk dajin ba talabijin da zai nuna wasan sai na zaurenta, mai son kallo kuwa ya zo da kwanon gyaɗa.

Maƙwabcinta Kurege, wanda raminsa ke jingine da bangon zauren, kwana uku rabonsa da abinci. Ya ga ana ta shiga da gyaɗa, yawunsa ya tsinke. Ya bugi ƙirji ya ce, "Ni ne Kurege, ƙaramin jiki, babbar dabara. Dorina ta sayi dambe, ni zan ci gyaɗar."

Da gari ya waye ya shafa baƙin mai, ya rataya waya a wuya, ya yi mata sallama.

"Hajiya, daga kamfani aka turo ni. Akwatinki yana ɗaukar zafi, sai an huda masa tagar iska."

Dorina ta ce, "Da wannan ɗan jikin naka?"

"Ranki ya daɗe, ai manya ba sa shiga lungu."

Ta ƙyale shi. Ya huda bangon daidai saitin talabijin, ya koma raminsa ya kafa madubi. Sai ga dambe raɗau, har da kiɗan kalangu.

Da gari ya waye ya bi gida-gida yana raɗa, "Sabon akwati daga birni, kallo rabin kwano." Kafin la'asar rami ya cika, zauren Dorina sai kujeru. Kwana bakwai yana ci har wuyansa ya yi kauri. Da mai hankali ne da nan ya tsaya, amma makwaɗaici bai san "ya isa" ba.

Ranar babban wasa ya gayyato Iya Lanto, tsohuwar gwaggon biri, uwar zakaran damben, don sunanta ya ƙara ja masa jama'a. Tsohuwa ta ƙura ido, ta haɗe rai.

"Kai yaro, wa ya naɗa wa ɗana zare a hannun dama?"

"Iya, haka ake yi a birni."

"Rufe min baki. Ɗana bahago ne. Ludayi nawa na karya a kansa don ya bar cin tuwo da hagu, bai bari ba."

Ta matsa kusa don ta gani da kyau, sai ta yi ido huɗu da fuskarta. Ta ɗaga murya ta ce, "Madubi ne, jama'a."

Dorina ta ji hayaniya, ta leƙo ta tagar iskarta. Karo ɗaya ta yi wa bangon ya zube. 'Yan kallo suka wawashe gyaɗa, Iya Lanto ta cafke wutsiyar Kurege. Ya fizge da ƙyar, ya bar mata gashin a hannu.

Sai da ya kai kan suri ya tsaya, yana ɗingishi yana lasar jela. Ya ce, "Laifina ɗaya, da na nuna dambe. Baɗi kokawa zan nuna, ita ba ruwanta da hagu da dama."

Ƙurunƙus, kan kurege marar kunya. Ku tashi ku ba ni wuri.